Murya Kafin Hannu

Ranar Asabar, bayan La'asar,
a filin firamaren nan ta Rigasa
da iskar bara ta tafi da rufin aji uku,
Anti Rifkatu ta tuɓe takalmi
ta kafu a tsakiya kamar turmi.
Shekara sha tara ta yi a masaƙar Kakuri
kafin injuna su yi shiru.
Ta ce tun ranar ta tsani shiru.

Ni dai 'yar rakiya ce.
Na ajiye bokitin awara a gindin dalbejiya
ina lissafin cinikin da ke wuce ni a bakin titi.
Zuwaira ce ɗaliba, 'yata, shekara sha uku,
mai ɗebo mana ruwa a bayan layin dogo tun asuba,
ta lungun da ƙwan lantarkinsa ya mutu tun zaɓen da ya wuce.

Na zaci da naushi za a fara.
Sai ta ce: Ku ce a'a.
Yara ashirin da biyu suka ce a'a
kamar masu neman gafara,
ido a ƙasa, bakin mayafi a baki.
Ta ce: Wannan a'ar taku
ko kaza ba ta kora daga kan shanya.
Daga nan take fitowa.
Ta dafa cibiya.
Ku ware ƙafa. Ku dube shi ido cikin ido.
Ku kira sunansa, don sau tari kun san shi:
mai shago ne, mai gidan haya ne,
wanda ke ce muku 'yata.

Sannan gwiwar hannu, sannan dunduniya kan yatsun ƙafa,
da yadda ake murɗe hannu ta wajen babban yatsa,
ƙofar da kowane riƙo ke mantawa a buɗe.
Ba dambe muka zo ba, in ji ta, ba a raba kambu a nan.
Ki kuɓuce, ki ruga, ki faɗa.
In an ƙaryata ki, nemi wani kunnen.
In kuwa jikinki ya sandare, kin kasa ko motsi,
laifin na nan inda yake, a wuyansa.

Nan wuƙar yankan awara ta suɓuce mini.

Ban taɓa gaya wa kowa ba.
Ɗakin injin niƙa, Unguwar Sanusi,
ƙarar da ta isa ta haɗiye kowane ihu,
ga shi ma ban yi ba.
Na koma gida da ƙullu a ka.
Inna ta ce na daɗe.
Na ce layi ne.
Shekara ashirin da shida ina cewa layi ne.

A zagaye na biyar Zuwaira ta ja numfashi.
Abin da ya fito daga ƙirjin yarinyar nan
ya tashi tantabarun kan katanga,
mai acaɓa ya taka birki a waje,
wani tsoho ya leƙo da butar alwala a hannu.
Ta toshe baki, ta tuntsire da dariya,
ta waigo tana nemana:
Umma, kin ji?

Na ji.

Anti Rifkatu ta dubi gindin dalbejiya.
Ba ta tambaye ni komai ba.
Ta ce: Akwai wuri a sahun baya.
Na ce zanena bai ɗauru ba.
Ta ce: Ɗaura, muna jira.

Tawa ta fito a dishe, duk tsatsa,
kamar ƙyauren langa-langa
da aka manta inda makullinsa yake.
Ko tantabara ɗaya ba ta motsa ba.
Amma ta fito.

Da Magariba muka bi ta lungun nan, da gangan.
Ƙwan bai gyaru ba.
Awara ta huce, rabi ma ban sayar ba.
Zuwaira na gaba da bokiti a ka
tana sukar iska da gwiwar hannu,
ni ina baya ina shafa maƙogwaro
kamar mai laluben kuɗin da ta ɗaure a bakin zane
ta ji ko suna nan.

Na ce mata: Asabar mai zuwa,
ki tuna mini in sa wando a ciki.